Ranar da aka duba wuyan shanun Baffa

Mun tashi da asuba daga Gudu, ana idar da sallah, ni da maƙwabcina likitan dabbobi, a tsohuwar fijo ta ofishinsu. Ya ce in aka saki shanu kiwo kafin mu isa, mun ƙona mai a banza.

Ga abin da ya fitar da ni. Wata biyu kafin nan kaluluwa ta fito wa matata a wuya, ba zafi, ba ta kuma sacewa. A asibiti aka ɗebi ruwanta aka auna, aka ce tarin fuka ne, irin wanda kan zauna a wuya maimakon huhu. Likita ta tambaya ko akwai mai tari a gidan, muka ce babu. Ta tambaya ko tana shan nonon da ba a dafa ba, sai muka dubi juna. Shekara biyar ke nan matata na sayen fura da nono wurin wata Bafillatana a bakin kasuwar Gudu, wadda muke kira Inna. Da maƙwabcina ya ji, ya nemi rugarsu ya je ya yi wa shanun allurar gwaji. Sai bayan kwana uku ake duba sakamako, shi ne na ce zan bi shi. Gaskiya mai laifi na tafi nema.

Hanyar filin jirgi fayau take a ɓangarenmu, ɗaya hannun kuwa ya cushe da motocin ma'aikata da leburori masu shiga gari. Tun da farar hula suka dawo, duk inda ka waiga gini ne ke tashi, tifofin yashi sun fi motocin haya yawa. A mararrabar Giri muka sha koko da ƙosai a tsaye. Doya a nan kusan rabin kuɗin Gudu take, don haka maƙwabcina likita ya cika but ɗin motar gwamnati, ya ce ai ita ma doyar 'yar ƙasa ce. Muna wuce Tungan Maje muka saki kwalta. An sha ruwa a daren, sau biyu na sauka na tura. Sabuwar wayar salular da nake ji da ita ta zama agogo kawai.

Rugar bukkoki bakwai ce a gefen wani rafi. Mai garken shi ne mijin Inna, dattijo dogo, muna ce masa Baffa. Inna ta yi mamakin ganina, ta tambayi Hajiya, wato matata, na ce tana samun sauƙi. Kafin mu zauna ta dire mana ƙwaryar madara mai kumfa, yanzu aka tatso. Na rasa inda zan sa idona. Likita ne ya fitar da ni, ya ce, "Inna, a ɗan tafasa mana, garin da sanyi."

Aikin ba wuya a ido. Kowace saniya an aske mata wuri biyu a wuya, sama da ƙasa, kowanne da allurarsa. Likita ya ce akwai dangin ƙwayar cutar da ke zaune a ƙasa da jikin kaji, su ma kan sa fata ta kumbura, shi ya sa ake yin biyu a gwada. In na ƙasa ya fi na sama tashi sosai, ana zargin saniyar. Yana matse fatar da wani ɗan ƙarfen awo mai kama da filaya, ni ina rubutawa. Mutumin Filato ne, Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji. Duk saniyar da ya kama sai ya ce shi lafiya ne, ƙannen Baffa da ke riƙe igiya suna ta dariya.

A cikin talatin da ɗoriya, uku suka nuna. Biyu ramammu ne, ba wanda ya yi mamaki. Ta ukun fara ce sol, mai ƙiba, wadda ta fi kowacce nono. Dariya ta tsaya. Likita ya ce gwajin ba rantsuwa ba ne, amma a ware su, kada a ƙara shan nononsu, kuma abin da ya fi shi ne a kai su mahauta inda za a duba naman. Baffa ya ce biyun ya yarda. Farar kuwa daga zuriyar saniyar da mahaifiyarsa ta bar masa take, zai ɗaure ta nesa da garke, amma ba zai miƙa ta ga wuƙa ba tukuna.

Na ja likita gefe na tambaye shi ko daga nan matata ta ɗauka. Ya ce ba zai iya cewa ba. Ƙwayar shanu da ta mutane kamar Hasan da Husaini suke, sai an shuka su a babban ɗakin gwaji ake rarrabewa. Tana iya ɗauka a nono, tana iya ɗauka a bas ko a ofis. Maganar da na shirya tun daga Gudu na haɗiye ta.

Tun zuwanmu Baffa ke tari, yana kau da kai yana tofarwa. Ya ce sanyin kiwo ne. Inna ta ce tun damina waccan yake yi, rigunansa duk sun yi masa yawa. Likita ya rufe jakarsa ya ce, "Baffa, an auna shanu, saura mai su."

Ya ƙi, ya ce ba a barin garke a rana irin wannan. Inna ta yi masa magana da Fillanci, gajeriya, ban ji ko kalma ɗaya ba. Ya shiga bukka ya ɗauko hularsa.

Muka nufi wani asibitin gwamnati ta wajen Gwagwalada, gilasai huɗu duk a sauke saboda tarinsa, ko da yake ana yayyafi. Baffa ya ce bai san mutanen birni na son iska haka ba. Yana nuna gidajen mai da shaguna a bakin titi, yana cewa nan duk burtali ne a da. Aka karɓi kakinsa a ɗan kwano, aka ba shi wani kwanon na kakin safe, ƙanensa ya zo da babur ya mayar da shi.

La'asar sakaliya na shiga gida, taɓo har gwiwa. Matata ba ta tambayi shanu ba, lafiyar Inna ta tambaya. Bayan kwana biyu likita ya leƙo ya ce an ga ƙwayar a kakin Baffa, an ɗora shi a kan magani, irin wanda matata ke haɗiya kowace safiya.

Har yau ban san wa ya ba wa wani ba, saniya, ko dattijo, ko wani baƙo a cikin bas. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne ciwon ba shi da gida ɗaya, kuma wanda ka tafi tuhuma yana iya fin ka buƙatar asibiti. Inna ta dawo bakin kasuwa, yanzu sai ta tafasa madarar kafin ta kwana. Wasu masu saye suna ƙorafi wai ɗanɗanon ya canza. Ba ta gaya musu dalili ba, mu ma ba mu faɗa ba.