Na goge lissafin aji guda

Jama'a, yau na yi ɓarnar da ban taɓa yi ba!

Da safe na ga wani katin memori a wayata. Na buɗe, sai bidiyon wani mutum yana ta rubutu a allo da Turanci. Na ce shirme! Na kai shagon waya a kasuwar Zuru, na ce a share a zuba min kokawa. Mai shagon ya ce, "Baba, duka?" Na ce, "Duka!"

Ina komawa Dabai, ga 'yata Rahila tana kuka, ga malaminsu na lissafi a ƙofar gida. Ashe katinsa ne! Unguwarmu ba sabis, shi ya sa ya yi sati biyu yana zuwa gari yana sauke darussa daga intanet. Yara na karɓa bi da bi, jiya layi ya zo kan Rahila. Jarrabawa kuma Litinin!

Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Baban Rahila, saura yara tara ba su gani ba."

Na koma shagon a fusace. "Don me ka share?" Ya ce, "Ai na tambaye ka!" Gaskiyarsa. Rahila ma ta faɗa min jiya cewa ta sa katin a wayata, ina sauraron rediyo na ce "to", ban ji komai ba.

Haushin kaina kamar ya kashe ni! Malam ya rubuta min sunayen darussan a takarda. Duk mai intanet mai ƙarfi a Zuru ya kira ni yanzu, mu sake sauke su. Ba zan koma Dabai da kokawa a katin nan ba.