Koyon Faɗuwa a Kore Mairuwa

A shekarar da na fara koyar da wasan kwaikwayo a jami'a, na zo hutun damina Dogon Dutsi, na tarar ɗalibaina takwas 'yan wannan yanki na Arewa su ma suna gida. Na tara su a wani ajin lakwal, wato makarantar boko, da aka ara mana, na ce mu haɗa wasa a kan cin rani. Ba mu da rubutu. Kowa ya kawo labarin gidansu, mu gina da shi.

Bayan mako biyu muka gwada shi a kasuwar Kiéché. Ɗalibai suka tsaya ƙiƙam suna jero jawabi a kan illar barin gida. Mutane suka leƙa kaɗan, suka watse. Wata mai sayar da kopto, kwaɗon ganye, ta tambaye ni ko sanarwar rigakafi muka kawo.

A hanyar komawa wasu suka ce a haƙura. Na ce ba za mu haƙura ba, wasan za mu rushe mu sake gini. Akwai wani tsohon ɗan kama a Kore Mairuwa wanda tun ina yaro nake ganinsa yana sa taron biki dariya har da hawaye. Na hau kabu-kabu na je na roƙe shi. Ya ce in kawo su ya gani.

Ya dube su ɗaya bayan ɗaya a bakin zaurensa, ya nuna dogon cikinsu, ɗalibin shari'a mai rigar da ba ta rabuwa da guga. Shi ne zai fito a matsayin ɗan cin ranin da ya dawo gida.

"Kai ɗan lakwal, hwaɗi in gani."

Ɗalibin ya juyo wurina, ya kira ni yadda suke kiran malami a nan. "Mushe, nan garinmu ne. Ba zan yi birgima gaban mutanen da suka san ubana ba."

"Mi kake tsoro?" in ji tsohon. "Ƙasag ga ba ta cizo."

Sai ya miƙe, ya yi taku uku cikin taƙama, ƙafarsa ta harɗe, ya zube. Ya tashi ya kaɗe riga, yana waige-waige da fushi kamar mai neman wanda ya ture shi. Muka fashe da dariya, ban da ɗalibin, wanda ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Na cire takalmi na faɗi nima. Gwiwar hannuna ta ɗaye. Tsohon ya ce jikina kaɗai ya faɗi, fuskata tana nan tsaye, in sake. Na sake fiye da sau goma, sannan sauran suka biyo ni.

Rawar wasan kuwa 'yan matan cikin ɗaliban ne suka samo ta. Ɗaya daga cikinsu ta ce innarta, in tana daka ta ji ƙarar mota daga titi, sai ta tsai da taɓarya a sama har ƙarar ta wuce. Muka ɗauki wannan. Muka samo mai kalangu ya bi sautin daka, su huɗu suna juyi da taɓare, sai kiɗan ya yanke, taɓare a sama, ido a hanya.

Kwana uku ɗalibin shari'a bai zo ba. Ban ba wani matsayinsa ba. Na je gidansu na same shi a gindin itacen bedi. Ya ce yayansa ya dawo daga Kwatano bara da baƙin tabarau da ƙaton akwati, ya hana kowa taɓa shi. Da innarsu ta buɗe, buhunan siminti ne tsofaffi a ciki.

"Shi za a yi wa dariya, Mushe, ba ni ba."

Na ce to mu tambaye shi. Yayan ya saurare mu yana gyara kalmensa na noma. Ya shiga ɗaki ya fito da tabaran, ya miƙa wa ƙanensa. Ya ce in za a yi, a yi shi daidai.

Ran kasuwar Kore Mairuwa da la'asar muka yi wasan a bayan rumfunan hatsi. Ɗalibin ya shigo da tabarau da akwati yana gaisuwa da Faransanci, ya faɗi sau uku. A na ukun akwatin ya fashe. Kasuwa ta kece da dariya. Yana durƙushe yana tattara buhunan sai kalangu ya fara, 'yan matan suka shigo. Da taɓare suka tsaya a sama, wurin ya yi tsit. Na ga wata dattijuwa ta rufe fuska da gefen zane.

Da muka gama wani mutum ya taso da faɗa, wai mun ci mutuncin masu fita nema. Kafin in buɗe baki yayan ya fito daga cikin taro ya ce akwatinsa ne, shi ya ba da izini. Suka koma gefe suna gardama, wasu suka bi su, kowa da labarinsa.

Tsohon bai yaba wa kowa ba. Ya ce faɗuwa ta biyu an yi ta da gaggawa, a dawo da safe. Muka dawo, don saura kwana huɗu mu kai wasan Tibiri.