Tukurwar Inna

Saboda tukurwa surukata ta ƙi barin Djougou. Mu kuwa muna Zongon Parakou tun shekarar da aka sauke tutar Faransa. Maigidana mahauci ne, shi kaɗai ta haifa, kuma kullum zancensa ɗaya: Inna ta tsufa, tana zaune ita kaɗai, in ta kwanta ciwo sai bayan kwana biyu labari zai biyo kamiyo, wato babbar motar kaya, ya iske mu. Ni ma ina so ta dawo wurinmu, don tun ina amarya ban taɓa jin baƙar magana daga bakinta ba.

Tukurwar tana bakin rafi a bayan garin Djougou, marigayi mijinta ne ya dasa ta. Ta yi cunkus, uwa da 'ya'ya duk a gindi ɗaya. Da gwangwalarta aka yi rufin ɗakin Inna da ƙyauren ƙofa, daga sabon ganyenta kuma take fitar da zare ta saƙa faifai da jaka. Kowace safiya sai ta je ta duba ta.

Wata rana da ɗanta ya matsa mata, sai ta ce, "Ranar da na ga tukurwa a tsakar gidanka, ranar zan koma Parakou." Wasa take yi. Shi kuwa bawan Allahn nan bai san wasa ba.

Ya je rafi ya yanko ɗiyar tukurwa da wuƙarsa ta fawa. Yanka ya yi kyau, sumul, ko saiwa ɗaya bai bar mata ba. Ya kawo ta Parakou ya kafa a jikin katanga, cikin jar ƙasar nan mai tauri da ko kuɓewa ba ta yarda da ita. Ban ruwa kuwa ya faɗo kaina. Safe da yamma ina jan guga har tafin hannuna ya yi kanta, abu ya bushe cikin mako uku. Ya sake kawo wata, awakin maƙwabta suka gama da ita. Ashe tun kafin haka ya riga ya aika wa Inna ta bakin direba cewa tukurwa ta kama. Amsa ta dawo: tana tafe ran Juma'a ta gani da idonta.

Ran Alhamis ya tafi Tourou, inda manoma ke da fadama, ya dawo da rassan tukurwa ɗanyu shar, har guda shida. Ya haƙa rami ya soka su, ya tattake ƙasa.

Na ce, "Malam, mahaifiyarka fa za ka yi wa wannan?"

Ya ce, "Ke dai yayyafa ruwa."

Na yayyafa. Laifin nan da ni a ciki, ban taɓa musu ba.

Inna ta iso da azahar. Ta sha ruwa, ta yi salla, sannan ta fito ta kewaya abin sau biyu tana gyaɗa kai. Ta ce, "Masha Allah. Wata biyu ta yi tsawon shekara biyar. Lallai ƙasar Parakou akwai albarka." Sai ta sa hannu ta zare reshe ɗaya, ta miƙa masa. Ta zare na biyu. Haka ta bi su har shida, shi yana karɓa yana rungumewa. Dariya ta ci ƙarfina, sai da na zauna bisa turmi.

Shi bai yi dariya ba. Mutumin da ke kayar da sa shi kaɗai, ga shi tsaye da ganye a ƙirji, kai a sunkuye. Can ya ce, "Inna, tsoro nake ji ki rasu ba na kusa." Dariyata ta tsaya, tausayinsa ya kama ni. Inna ta dube shi, sannan ta shige ɗaki.

Da safe ta ce ya kai ta inda ya saro rassan, na bi su. A Tourou ta gaisa da tsohon mai fadamar da harshen Dendi, ta roƙe shi ɗiya ɗaya da ɗan wuri a bakin ruwa, ya ba ta. Ta sa aka tono ɗiyar da fartanya, da saiwarta da taɓonta, ta dasa a inda ƙafa ke nutsewa. Ta ce wa ɗanta, "Kai, tukurwa ba nama ba ce. Ruwa take so a gindinta rani da damina."

Ta ce za ta zauna har ta ga sabon ganye. Ganye ya fito, ta ce sai ta ga ta yi ɗiya. Ta yi ɗiya, ta ce sai gwangwala ta isa sara. Duk mutumin Djougou da ya tambaye ta yaushe za ta koma gida, sai ta ce, "Haba, in bar ƙaramar tukurwa a hannun mahauci?"

Shekara tara ta yi a gidanmu tana jiran tukurwa ta kama. Ranar da Inna ta cika da hantsi ne, ɗanta bai fita kasuwa ba, yana zaune kusa da ita riƙe da hannunta.