Buhun Baban Aji Ɗaya

Mun tashi da asuba ranar Talata, ana idar da salla muka nufi tasha, mu uku: ni hedimasta, da sakataren reshen ƙungiyar malamai na gundumarmu, da dattijon da duk gari ke kira Baban Aji Ɗaya. Sakkwato za mu, zaman sasantawa tsakanin ƙungiyarmu da hukumar ilimi. Tunda kun dame ni da tambayar dalilin da muka dawo ba a sa hannu ba, to ga yadda aka yi.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Kirista ne, mutumin tsaunukan Jos. Ya zo mana yana saurayi, rabin magidantan garinmu a hannunsa suka koyi riƙe fensir. Da aka raba jiha aka loda fayil-fayil a manyan motoci, nasa ya bi wata mota, har yau ba labari. Sabuwar yarjejeniyar da za a sa wa hannu kuma ta ce fansho sai mai fayil, ga Baba saura shekara biyu ya ajiye aiki. In aka sa hannu a haka, hannu rabbana zai koma gida.

Da buhu ya zo, ɗaure da igiyar kaba. Direba ya ce a jefa shi saman mota tare da albasa, Baba ya ƙi, ya rungume abinsa a cinya. Hanyar rabi burji ce mai kaɗa hanji, rabi sabuwar kwalta, sai katafila da motocin siminti ke ta wuce mu. A wani shinge soja ya zunguri buhun da bakin bindiga, ya leƙa ya ga tsofaffin littattafan rubutu, ya ce ashe malamai ne mu wuce. Yadda ya faɗa ɗin kamar yana yi mana jaje.

Mun tsaya shan fura, damun sisi ya koma sule. Mai furar ta ce ai yanzu ma'aikata sun yi kuɗi. Na ce mata ƙarin albashin malamai yana kan hanya, ta ce to nata ragin ma yana kan hanya.

Da hantsi muka shiga birni, zafi kuwa ba a magana. Rabona da Sakkwato shekara uku, na ga sababbin babura da fijo ko'ina, kowane kanti rediyo na tashi. Muka ratsa ta Ƙofar Marke muka sauka Tudun Wada, gidan wani kafinta ɗan cocinsu Baba. Matarsa ta yi mana gwaten acca, ta ajiye mana buta da tabarma ba mu tambaya ba, maƙwabcinsu mahauci ya aiko da balangu. Nan Baba ya gaya mini abin da ke buhun: littattafan shirin darasinsa ne, tun makon da ya fara aiki. Na ce masa, Baba, zaman manya ne, wa zai tsaya duba wannan?

Laraba da safe muka isa ofishin, can wajen titin Sama. Dogon tebur ne ƙarƙashin fanka, jami'an hukuma a gefe guda, shugabannin ƙungiya a ɗaya gefen, mu na ƙauye a benci daga baya. Kowa ya san gwamnatin soja ba ta son jin kalmar yajin aiki, don haka baki ne kawai makaminmu, kuma shugabanninmu sun yi amfani da shi. Kafin azahar sun ciwo ƙarin albashi da kuɗin gida da rancen babur. Da aka zo kan batun fayil, wani ya ce a bar shi sai wani zama, aka wuce. Sakatarenmu ya sunkuyar da kai. Ni ma shiru na yi, don wallahi babur nake hangowa.

Sai na ga hannun Baba a sama. A ɗakin nan kowa katse ɗan'uwansa yake yi, mai ƙarfin murya shi ke da magana. Shi kuwa mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koya wa yara kada su yi magana sai an kira su, ya ɗaga hannu yana jira. Aka gama wani batu aka shiga wani. Hannun ya gaji, ya tallafe gwiwarsa da ɗayan, yadda 'yan ajinsa ke yi. Wasu suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Na ja masa riga, ya ƙi saukewa, kunya ta rufe ni.

Aka miƙa wa shugaban jami'an takardar yarjejeniyar ya sa hannu. Dattijo ne Basakkwace, tsohon mai duba makarantu. Ya cire murfin alƙalami, ya dubi bencinmu, ya mayar da murfin.

"Ni tsohon malami ne," in ji shi, "ban iya tashin aji ga hannu bisa. Malam, hwaɗi mu ji."

Baba ya jawo buhun har gaban tebur ya kwance igiyar.

"Ranka ya daɗe, an ce ba ni da fayil. Ga abin da nake da shi."

Dattijon ya ɗauki guda yana buɗawa. Kowane mako da sa hannun hedimasta, wasunsu ma sun rasu. A littafi na uku ya tsaya, ya cire tabarau. Sa hannunsa ne da koren tawada, na zamanin da yake zuwa garinmu a kan keke. Ya tambaya ko akwai wasu irin Baba, sakatarenmu ya sami baki ya ce suna nan a ƙauyuka da yawa. Dattijon ya ce shi kaɗai ba shi da ikon gyara sharaɗin, sai an kai sama. Ko a sa hannu yau a yadda take, ko kowa ya jira.

Shugabanninmu suka waiwayo mu. Shugaban ƙungiya ya ce masu goyon bayan jira su nuna. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Na kusa da ni ya ɗaga, sai benci na gaba, har wanda ya fi kowa dariya ɗazu.

Alhamis muka juyo. Buhun yana ofishi a matsayin shaida, Baba ya yi tafiyar nan hannuwansa a kan gwiwa, bai san inda zai sa su ba. Abin da ya sayo a birni kawai sabon littafin rubutu ne. Ban san abin da na sama za su yanke ba, ba zan yi muku ƙarya ba, kuma na san cikinku akwai wanda ya riga ya zaɓi launin baburinsa. Mai fushi ya zo gare ni, kada ya tari Baba.

Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne a wajen zama irin wannan a riƙa waiwayar bencin baya kafin a ɗauki alƙalami. Litinin da safe Baba ya kawo mini shirin darasin mako, ƙirga ɗaya zuwa goma da ƙwallon dabino. Shekara biyar ina sa masa hannu ban taɓa karantawa ba. Na ce ya zauna, na karanta har ƙarshe, sannan na sa.