Tsawon Igiyar Rijiyarmu

Wata Asabar ce ta bazara, shekarar da na maimaita ajin farko na kwaleji a Belbeji, na tsuguna a bakin rijiyar garinmu ina kallon ƴan kalmomin Ingilishi da aka zana da tsinke a kan damshin ƙasa. Tumaki na turereniya a wurin shan ruwa, raƙuma sun durƙusa gefe suna jiran a zo kansu, bidunana na ɗebo ruwa kuwa babu ko ɗigo a ciki. Wadda ta yi rubutun, Yaya Aisa, ta riga ta kama igiyar jakunan babanta. "Jimlar nan tana da ciwo," in ji ta. "Kafin in dawo da jakai ki gano inda yake, in ba haka ba ke ce ta ƙarshe a cika bido yau."

Aisa ɗiyar makiyaya ce, ta girme ni da aji biyu. Gida ɗaya aka ajiye mu a Belbeji don karatu, ranar Juma'a da yamma mu biyo amalanke zuwa gida, ni in taya Inna daka da ɗebo ruwa, ita ta taya babanta shayar da bisashe. Wanda bai san rijiyoyin Damargu ba ba zai gane wannan wa'adi nata ba. Zurfinsu ya kai a ɗaura igiyar guga ga jakai, a kora su can nesa har su ƙanƙance a ido kafin guga ta leƙo. Tafiyarsu da dawowarsu, shi ne lokacina.

Ingilishi ne ya kayar da ni a shekarar farko. Hausa a gida, Faransanci a lakwal, wato makaranta, sai ga na uku ya faɗo mana. Malam Lawali yakan rubuta jimla mai kuskure a tablo ya kira ɗaya ya gyara. Ni da na riƙe alli sai in goge kalma mai lafiya in bar marar lafiya, har ƴan aji suka sa mini suna likita mai yanke ƙafar ƙwarai. Dokar kuwa kowa ya san ta: wanda ya maimaita aji ya sake faɗuwa, korarsa ake yi. Baba ya faɗa mini ba tare da faɗa ba, cewa in sun maido ni, hauya na nan rataye.

Abin da ke ƙasa ran nan shi ne "The goat drink water." Na yi ta kallo har na ji kofaton jakai a bayana, sannan na lanƙwasa ɗan harafin nan na "s" mai kama da wutsiya a ƙarshen kalmar aikin. Aisa ta ce haka abin yake: in akuya ɗaya ce, wutsiya na kan aikinta, in sun yi yawa wutsiyar ta koma kan awakin. Na kwana ina mamakin mutanen da suka zauna suka shirya harshensu haka. Mu in mun ce na sha, zan sha, shan bai motsa ba, su kuwa da an ambaci jiya sai aikin ya sake kama gaba ɗaya. Na riƙa tambayarta dalili, takan ce in tambayi jakai, ita ma ba a gaya mata ba.

Haka muka ci gaba kowace Asabar. Wani lokaci tunkiya ta taka jimlar kafin in gama, mu yi ta gardama a kan abin da ke wurin. Sai wata rana ta rubuta wadda ta gagare ni. Jakai suka je suka dawo, suka sake komawa, na cire wannan na sa wancan har jimlar ta dagule. Ta tsaya a kaina tana dariya. "Lafiyarta lau fa, sarkin tsoro. Ke ce mai ciwon." Daga nan ta riƙa cakuɗa mini masu ciwo da masu lafiya, ba ta ba ni ruwa sai na dube ta ido cikin ido na ce babu komai a nan. Wannan ya fi mini wuya a kan dukan gyare-gyaren.

A jarrabawar ƙarshen shekara na bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya ina tambayar wa ke aikin, shi kaɗai ne ko da yawa, yau ne ko jiya. Inda ban ga ciwo ba na ɗauke hannu. Da kyar na haye, amma na haye. Hauya ta jira ni sai damina, kamar kowa.

Shekaru sun shuɗe. Watan jiya motar da na shiga daga Tanut zuwa Damagaram ta kife da mu. Ƙafata ta maƙale ƙarƙashin kujera, mutane na salati, wani yaro na kuka. Wata babbar mota daga Najeriya ta tsaya taimako, da rubutun Ingilishi a bayanta daidai inda idona yake. Ban san lokacin da na soma binsa kalma kalma ina neman wutsiya ba, har aka jawo ni waje.

Yanzu famfo ne a garinmu, ana buɗewa ruwa ya zubo, babu mai jiran jakai. Aisa na can arewa da garken mijinta, inda waya ba ta cika shiga ba, ga ni da labarin da ita kaɗai za ta gane. Ban san ko jimlar bayan motar nan tana da ciwo ba. Na dai san ta yi mini tsawon igiya.