Kuɗin Fadama da Gaisuwar da Ban Yi Ba

Har yau in na tuna kuɗin fadamarmu sai abinci ya fita a raina.

Ina shekara ta biyu a Kuala Lumpur lokacin. Malamarmu ta darasin kasuwanci ta kawo mana labarin Inuit, mutanen can ƙarshen arewacin Kanada inda ko'ina ƙanƙara ce. Gwamnati ta biya su diyyar ƙasar kakanninsu, su kuma ba su bi gida-gida sun rabe kuɗin ba. Kamfanoni suka kafa na al'umma, har da na jiragen sama da na kamun kifi, riba tana komawa karatun 'ya'yansu. Ina kallon hoton jirginsu a allo, amma wallahi garinmu nake gani.

Don a satin aka sa ranar biyan diyyar fadamar garinmu, wadda aka karɓe za a gina gidaje. Fadamar nan ba ta mutum ɗaya ba ce, ta gari ce. A gurup ɗin 'yan gari na waya kuwa har an fara zancen rabo. Ni na san rabo. An yi shi sanda titi ya cinye gonaki. Kowa ya sayi babur, kafin a je ko'ina babu babur, babu gona.

Ina fitowa daga aji, a tashar jirgin ƙasa ta Titiwangsa, na danna waya na fara saƙon murya. Minti bakwai cur. Na ce kar a raba. A haɗa a sayi injin casar shinkafa na gari, tunda duk kaka sai mun yi lodi zuwa wani gari an cashe mana. Matasa su samu aiki, riba ta gyara makaranta. Na kawo musu Inuit tiryan-tiryan. Na tura, na faɗa jirgi ina jin kaina.

A mamak, shagon shayin da muke cin roti, wato gurasarsu, da rana, na kunna wa abokin ɗakina, shi ma Bahaushe ne. Ya saurara, ya ajiye cokali.

"Malam, ina gaisuwar?"

"Wace gaisuwa? Maganar gari ake."

"Babanka yana gurup ɗin?"

"Yana ciki."

"To ka gama yawo, lah," in ji shi, da salon maganar mutanen ƙasar. "Ci rotinka."

Na san abin da yake nufi, mantawa na yi. A garinmu in ana taro, sai ka gaida dagaci, ka gaida liman, ka bi manya ɗaya bayan ɗaya. Kuma ɗa ba ya magana a inda ubansa yake zaune. Gaya wa uban zai yi, uban ya faɗa. Ni na ɗauka gurup waya ce kawai. Ashe su ƙofar gidan dagaci suka ɗauko suka saka a ciki.

Kafin la'asar an taso min. Wani baffana ya ce, "Ɗan wane ne wannan mai yi mana ihu cikin ƙarar jirgi?" Wani ya ce, "Yanzu mutanen ƙanƙara ne za su koya mana zama?" Kwana biyu ana abu ɗaya: tarbiyyata, karatun waje, wai mun tafi mun baro kunya a filin jirgi. Abin da ya fi ƙona ni, ko mutum ɗaya bai ce injin ba zai yi ba. Ba wanda ma ya ambaci injin. Ƙasar kakanninmu ce za ta tafi gaba ɗaya, dattawa suna can suna binciken wa na gaisar, wa ban gaisar ba!

Rana ta uku Baba ya yi magana. Ya jero gaisuwa, ya ba da haƙuri, ya ce yarinta ce. Shi ke nan. Aka raba kuɗi. Sati bai zagayo ba hotunan babura suka cika gurup, ana ta "Allah ya sa alheri".

Na kira shi ina tsaye a bakin titi a unguwar Bukit Bintang.

"Baba, haƙurin me ka bayar? Ƙarya na yi?"

"Ka gaishe ni tukun."

Na haɗiye fushina, na gaishe shi.

"Ba ka yi ƙarya ba," in ji shi. "Maganar injin nan na fi wata ina bin mutane da ita a gida. Liman ya yarda. Baffan naka da ya fara yi maka faɗa, shi ma ya kusa. Jira nake ranar taro in miƙe in faɗa. Sai ga muryarka."

"To me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa a ce ɗana ya tsallake ni, ni kuma na bi bayansa? Wa zai ƙara jin maganata a garin nan? Da ni ka turo wa, da har mutanen ƙanƙarar nan naka sai na kai musu."

Mutane suna ta bangaza ta suna wucewa.

Ina jin haushinsu har gobe, ba zan ɓoye ba. Gari guda ya zaɓi babur saboda ba a ce masa "ranka ya daɗe" ba. Amma saƙon yana nan a wayata, kuma na sake saurara. Minti bakwai ina magana, ko "Baba" ban ce ba. Bana ma lodin shinkafa suka yi zuwa wancan garin.