An tafa wa kwaɗona a tsakiyar teku

Jama'a, yau an tafa wa kwaɗona a tsakiyar teku, ni kuwa ina nan Madarunfa rana na dukana.

Ina cikin sussukar hatsi sai ga kiran bidiyo. Ƙanena Habu ne, wanda ke aikin girki a wani ƙaton jirgin ruwa na 'yan yawon shaƙatawa. Wai kwana biyar ba su ga ƙasa ba, fasinjoji sun gaji da wanka da kwanciya, shi ne aka ce ya koya musu abincin garinmu.

Ya juya waya. Tsofaffin Turawa sun jeru, kowa da kwanonsa, suna kwaɗa zogale da ƙuli.

Na ce, "Habu, ko matse ganyen ba ka yi ba, ga ruwa nan tsamo-tsamo!"

Ya ce, "Yaya, rufa mini asiri, sun ce ba su taɓa cin irinsa ba."

Sai tafi raf-raf, har da masu ɗaukarsa hoto. Ni fa na koya masa. Shekara ashirin ina yi, ko sannu.

Na kashe waya ke nan maigida ya leƙo: "Wai kwaɗon nan bai samu ba?"

Na ce, "Yana teku."